Sanarwa kan sunayen kwaɗi masu dafi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Duk mai turo hoton kwaɗin nan masu dafi na dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, don Allah ya kula da sunan da yake rubutawa, domin tsofaffin littattafai sun bar mutane a baya.

A da, an tara su duka a dangi ɗaya, Dendrobatidae. A 2006, masanin kwaɗi Taran Grant da abokan aikinsa suka sake rarraba su bisa binciken ƙwayoyin halitta, suka fitar da dangin Aromobatidae daban, suka kasa sauran gida uku: Dendrobatinae, Colostethinae da Hyloxalinae. Jinsin Dendrobates ma an rarraba shi. Ɗan jan kwaɗon nan da aka sani da Dendrobates pumilio yanzu Oophaga pumilio ne. Shi kuma shuɗin nan, azureus, launi ne kawai na Dendrobates tinctorius.

Kada launi ya yaudare ku. Mantella na Madagaskar suna da irin wannan ado da dafi a fata, amma danginsu Mantellidae ne, ba su da kusanci. Dafin ma ba ya raba gardama, don daga tururuwa da ƙananan ƙwari suke samunsa. Wanda aka haifa a kiwo ba shi da shi.

Wajen rubutu: sunan jinsi (kalmar farko) ya fara da babban baƙi, na nau'i (kalma ta biyu) da ƙarami, kamar Phyllobates terribilis. In ba ku da tabbacin nau'i, ku tsaya a jinsi, ku faɗi ƙasar da aka ɗauki hoton.