Sri Lanka: An gama yaƙi, har yanzu ba a biya Tamil haƙƙinsu ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan halin da al'ummar Tamil, 'yan tsiraru da suka fi yawa a arewa da gabashin ƙasar, ke ciki a Sri Lanka. Duk lokacin da ake maganar murƙushe tawaye da ƙarfin bindiga, sai a kawo ƙasar a matsayin abin koyi, har ma a 2014 manyan hafsoshin Najeriya sun karɓi tawagar sojojinta don jin dabarunsu. Gaskiya ne a watan Mayun 2009 dakarun gwamnati sun ga bayan ƙungiyar Tamil Tigers mai fafutukar kafa wa Tamilawa ƙasarsu, suka kashe jagoranta Velupillai Prabhakaran bayan shekara 26 ana gwabzawa, amma dalilan da suka haifar da yaƙin suna nan daram.

Rigimar ta girmi bindiga. A 1956 aka yi dokar da ta mayar da Sinhala, harshen ƙabilar da ta fi rinjaye, harshen hukuma shi kaɗai, abin da ya rufe wa Tamilawa da dama ƙofar aikin gwamnati. A 1981 aka banka wa babban ɗakin karatu na Jaffna, babban birnin Tamilawa a arewa, wuta. A watan Yulin 1983 kuma aka bi Tamilawa gida-gida ana kashewa a Colombo. Yarjejeniyar da aka ƙulla da Indiya a 1987 ta kawo gyara na 13 a kundin tsarin mulki, wanda ya kafa majalisun larduna, sai dai har yau gwamnatin tsakiya ta ƙi sakar musu ikon 'yan sanda da na filaye. Majalisar Lardin Arewa sai a 2013 aka zaɓe ta, wa'adinta ya ƙare a 2018, aka kuma yi ta jan ƙafa kan sabon zaɓe.

Abin da ya fi damuna shi ne batun waɗanda suka ɓata. Kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2011 mai yiwuwa fararen hula kusan 40,000 ne suka mutu a watannin ƙarshe na yaƙin. Akwai iyayen da suka miƙa 'ya'yansu ga sojoji hannu da hannu a ranakun da aka ajiye makamai, bisa alkawarin ba za a taɓa su ba, kuma tun daga ranar ko ɗuriyarsu ba a sake ji ba. Tun Fabrairun 2017 iyaye mata ke zaman dirshan a bakin titi a Kilinochchi da Vavuniya, cikin rumfuna, kowace na riƙe da hoton ɗanta ko mijinta, da yawansu kuma sun rasu ba su ji amsa ba. An kafa ofishin neman ɓatattu, amma takardar shaidar ɓata da ɗan kuɗin diyya ba su ne waɗannan mata ke nema ba. So suke a gaya musu inda aka kai mutanensu da kuma wanda ya ba da umarni.

Adalci ya wajaba a faɗi ta'asar Tigers ita ma. A watan Agustan 1990 sun harbe masallata fiye da 100 a Kattankudy, a Oktoban shekarar kuma suka kori dubban Musulmi daga arewa, waɗanda Tamil ne harshensu. Duk binciken da za a yi dole ya haɗa da su.

Shugaba Anura Kumara Dissanayake ya samu abin da magabatansa ba su samu ba, domin jam'iyyarsa ta zo kan gaba a gundumar Jaffna a zaɓen majalisa na Nuwamban 2024. Ina kira gare shi ya soke dokar yaƙi da ta'addanci ta 1979 da ake tsare mutane da ita shekaru ba shari'a, ya mayar wa manoma filayen da sojoji ke riƙe da su a yankin Palaly, ya kuma bar ƙwararru daga ƙasashen waje su sa ido kan tonon kaburburan Chemmani, inda aka binne mutane da yawa tare kusa da Jaffna, har a gano sunayen waɗanda aka binne a ciki.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku, Zariya