Rahoton ayyukan shekara: zaɓen wakilan al'umma a kwamitin gandun dajin Termit da Tin-Tumma

Ƴan'uwa mambobi, assalamu alaikum.

Kamar yadda dokar ƙungiya ta tanada, ga bayanin abin da biro, wato kwamitin shugabannin ƙungiya, ya yi da amanar da kuka ɗora masa a shekarar da ta ƙare. Kusan duk ƙarfinmu da kuɗinmu aiki guda ya cinye su, wato taimaka wa al'ummomin yankin Tasker su zaɓi mutanen da za su zauna a madadinsu a kwamitin da ke sa ido kan tafiyar da gandun dajin Termit da Tin-Tumma. Don haka shi zai ɗauki mafi yawan wannan rahoto.

Sababbin mambobi sun sha tambaya me ya kai ƙungiyar da ke zaune a Damagaram cikin sha'anin hamada. An kafa gandun nan a watan Maris na 2012, da faɗin murabba'in kilomita kusan 97,000, ya ratsa jihohin Damagaram da Diffa da Agadas. Nan ne mafakar ƙarshe ta barewar hamada da ake kira adaks, nan kuma ake samun mena, wata irin barewa wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Nijar ke amsa sunanta, da ragon dutse da tuje. A binciken da aka yi a 2016, adaks uku kacal aka gani, kuma masana sun danganta haka da farauta da motoci da kai-komon da aikin man fetur ya kawo yankin. A ƙarshen 2018 gwamnati ta damƙa kula da gandun ga ƙungiyar Noé ta ƙasar Faransa. A watan Yuni na 2019 aka fitar da ɓangaren gabas mai rijiyoyin man Agadem daga cikinsa, a 2021 kuma aka sake gyara iyakokin, faɗinsa ya tsaya a murabba'in kilomita sama da 86,000. Duk wannan ja da saki a kan ƙasar da Tubawa da Larabawa da Fulani da Abzinawa ke kiwon raƙuma da awaki aka yi shi, kuma da yawa cikin waɗanda muka zauna da su sun ce mana sai bayan an gama suke jin labari. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu na 2024 aka naɗa kantomomi, kujerun al'umma a wannan kwamiti sun ƙara daraja, domin suna cikin ƴan wuraren da makiyayi zai aika mutumin da shi da kansa ya nuna.

Abu na farko da muka tsaya a kai shi ne wurin da za a yi zaɓen. An kawo shawarar a tara mutane nan birni, saboda kowace al'umma tana da ƴaƴanta a Damagaram, ƴan kasuwa da ma'aikata da ɗalibai, ga shi ba sai an sha wahalar hanya ba. Biro ya ƙi, kuma har yanzu muna ganin wannan ne mafi muhimmancin abin da muka yanke a bana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda zai yi magana a kan rijiyar da ta rushe, ko hanyar da raƙuma ke bi zuwa mashaya, ya kamata waɗanda ke jan guga a rijiyar su zaɓe shi, a gabanta. Ƴan'uwanmu na birni suna da ilimi da kishi, mun kuma amfana da su sosai wajen tafinta da rubutu, amma kujerar ta mazauna daji ce.

Wannan shawara ita ta sa muka jira rani. Da damina makiyaya sun watsu suna bin ciyawa, ba wanda zai iya tara su. Sai tafkuna sun ƙafe kowa yake komawa rijiyar da ya saba. Tawagarmu ta bi ta Gure da Kelle zuwa Tasker, daga nan ta shiga zango-zango da ja-gorancin mutanen wurin. Kafin mu isa, saƙon murya na WhatsApp cikin Tubanci da Larabci da Fulatanci da Hausa ya riga mu, inda babu layin salula kuma matafiya ranar kasuwa suka kai shi da baki.

Maganar sarakunan gargajiya ta buƙaci haƙuri. Wasu daga cikin shugabannin makiyaya sun ɗauka cewa zaɓe raini ne ga rawaninsu, tunda a al'ada su ke nuna wanda zai je gaban hukuma. Ba mu shiga kowane zango ba sai da muka fara gaishe su muka nemi izini. Daga ƙarshe aka daidaita a kan cewa sarki shi zai kira taro, shi zai buɗe shi da addu'a, shi zai shaida sakamako, jama'a kuma su yi zaɓi. Galibinsu sun karɓa da hannu biyu. A wuri ɗaya ba a cimma matsaya ba, kujerar wannan al'umma tana nan babu kowa har yau, kuma biro yana ganin gara a bar ta haka da a cike ta da sunan da rabin mutane ba su yarda da shi ba.

Ba mu sa katin shaida ya zama sharaɗi ba, domin da mun yi haka da mafi yawan mata da matasa sun koma gefe. Dattawan kowace rijiya suka tantance wanda ke shayarwa a wurin. Yin layi bayan ɗan takara ma mun kauce masa, saboda ba wanda zai iya tsayawa bayan wani alhali kawunsa na takara yana kallonsa. Kowa aka ba shi ƙwallon dabino ya shiga bayan tabarma ya jefa cikin ƙwaryar wanda yake so, aka ƙirga a bainar jama'a.

Mata sun yi nasu zaman daban, da mambobinmu mata. Su ke ɗiban ruwa da itace, su ke kiwon ƙananan dabbobi kusa da zango, don haka dokar hana sarar itace su take fara taɓawa. Matan da aka zaɓa sun kafa sharaɗi guda, a yarda muharrami ya raka su taro kuma a biya masa kuɗin mota. Mun rubuta wa mahukuntan gandun wannan buƙata, muna goyon bayanta ɗari bisa ɗari.

Bayan zaɓe mun tara wakilan a Tasker aka bi musu dokoki biyu da Hausa da Tubanci: dokar farauta da kare namun daji ta 1998, da dokar kiwo ta 2010 wadda ta amince cewa zirga-zirga da dabbobi haƙƙin makiyayi ne. Kowane wakili ya yi alkawari a gaban jama'arsa cewa bayan kowane zaman kwamiti zai dawo bakin rijiya ya faɗi abin da aka tattauna da abin da shi ya ce. Idan ya daina dawowa, waɗanda suka tura shi suna da ikon sauya shi. Su ma wakilan sun faɗa wa jama'a gaskiya, cewa duk wanda ya ɓoye mafarauci ko ya nuna masa sawun mena ya karya musu baki a gaban jami'an gandun daji.

Sauran ayyuka kaɗan ne. Mun ci gaba da zagayen makarantu a nan birni muna yi wa yara bayanin namun dajin jiharmu, mun kuma shiga dashen itatuwa na ranar 3 ga Agusta. Hayar mota da man fetur su suka ci kaso mafi girma na asusu. Ma'aji zai karanta lissafin dalla-dalla, rasitai kuma suna ofis ga mai son dubawa. Waɗanda ake bin su kuɗin wata-wata, don Allah su biya kafin babban taro.

Abubuwa uku muke so babban taro ya yanke hukunci a kansu. Takardun kwamiti da Faransanci ake rubuta su, mafi yawan wakilai ba sa karanta shi, shi ya sa muke neman izinin ɗaukar tafinta da zai riƙa mayar musu da su saƙon murya kafin ranar zama. Akwai kuɗin komawar wakilai zanguna don kai rahoto, wanda har yanzu ba shi da mai ɗauka, kuma idan ba a samo shi ba alkawarin da suka yi zai tsaya a baki. Sai kujerar da ta rage: biro na ba da shawarar a tura dattawa biyu daga cikinmu su sake zama da ɓangarorin kafin ruwa ya sauka mutane su watse.

Wassalam.

Magatakarda, a madadin biron ƙungiya
Damagaram