Wa Ya Ce Ba Mu Da Abin Tunawa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa gare ka da sauran ma'aikata, ina so ka sani shirinku na rediyo na daren Asabar kan rayuwar sakandare ya ɓata min rai, kuma har yanzu ban huce ba. Na zauna tun daga farko har ƙarshe ina jiran ko mutum ɗaya daga irin makarantarmu ya buɗe baki, amma ina! Baƙi huɗu kuka gayyata, dukkansu daga manyan makarantun birni. Awa guda ana ta zancen bikin kammala karatu: doguwar riga da hula mai tuntu, da ɗakin taro, da mai ɗaukar hoto, da yadda aka rattaba hannu a jikin yunifom. Wannan bai dame ni ba, bikinsu ne, Allah ya sanya alheri. Abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar baƙon nan na uku, da ya nuna wai ɗaliban ƙananan garuruwa ba su da wani abin tunawa, zama kawai suke yi shekara shida su watse. Mai gabatarwa kuwa, maimakon ya taka masa burki, sai ya yi dariya ya wuce tambaya ta gaba. Wallahi dariyar nan ta fi maganar ciwo.

Ni ne monitan ajinmu tun daga aji uku har muka gama. Mun shiga a Satumban 2014 mu 63, muka zauna jarabawar ƙarshe a 2020 mu 35. Rijista a hannuna take kwana, don haka har yau zan iya jero maka sunayen kamar yadda ake kiransu kowace safiya, har da na waɗanda aka ja wa layi a hanya. Na san ranar da kowannensu ya daina zuwa, na kuma san dalili, domin a ƙaramin gari ba a ɓacewa. Wanda ya bar aji yau, gobe za ka gan shi a hanya yana sunkuyar da kai. Yawancinmu tare muka yi firamare, kuma malaman da suka koyar da mu su ne suka koyar da yayyenmu. Ba mu da aji A da B da C. Ko da muka shiga aji huɗu aka raba 'yan kimiyya da 'yan adabi, ɗakin ɗaya ne, bencina kawai aka juya, waɗannan suna kallon gabas, waɗancan suna kallon yamma, malamai biyu suna magana lokaci guda. A haka na haddace rabin darussan da ba nawa ba.

Bari in ba baƙon naku labarin biret ɗinmu, wato dogon bututun gilashi mai ɗan famfo a ƙasa da ake ɗiga asid da shi. Duk wanda ya yi kemistiri ya san ba a tsallake jarabawar gwaji sai an iya ɗiga asid cikin ɗan kwalba har ruwan ya canja launi. Makarantarmu ba ta da biret ko ɗaya. Shekara biyu a kan allo muke ganinsa, malam ya zana da alli, mu kwafa. Muna aji shida malaminmu ya je wata makaranta mai nisa ya aro guda ɗaya, ya naɗe shi da tsohuwar rigarsa, ya rataya a ƙirji ya hau babur, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Mu 14 muka yi layi. Kowa ya zuba ya zarce, ruwan ya yi jawur, a zubar a sake. Wata yarinya da ba a cika jin muryarta a aji ba, ita ce ta fara kamawa. Ta riƙe ɗan famfon da hagu, tana juya kwalbar da dama, ɗigo ɗaya bayan ɗaya, har ruwan ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma ruwan lemo, ta rufe daidai. Ihun da muka yi sai da shugaban makaranta ya fito ofis da gudu, a zatonsa gobara ce. Malam kuwa ya juya baya yana goge allon da babu komai a kansa, don kada mu ga idonsa. A yau yarinyar nan ma'aikaciyar jinya ce. Wannan ba abin tunawa ba ne, Edita?

Ban ma taɓo jaridar bangon da muke rubutawa da hannu a kan kwali kowace Litinin ba, ko shekarar da iskar farkon damina ta yaye rufin ajinmu muka koma gindin bishiya zango guda, ko ranar da muka je gasar muhawara a bayan buɗaɗɗiyar mota muka dawo da kofi, bayan mun kayar da makarantar da ɗalibanta suka yi ta kallon takalmanmu.

Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne, a duk tsawon shirin babu wanda ya tuna da 'yan 2020. Mu ne ajin da annobar korona ta ci wa shekarar ƙarshe. A ƙarshen Maris aka rufe makarantu, saura 'yan makonni a fara WAEC, aka ɗage ta ba tare da an sa rana ba. 'Yan birni suka koma karatu ta waya da intanet. Mu rediyo muke da shi. Darussan da gidajen rediyo suka riƙa sawa, har da naku, su ne suka zame mana aji. Mukan haɗu mu uku ko huɗu a zaure ɗaya, a baje littattafai, a kasa kunne, wanda hannunsa ya fi sauri ya rubuta, sauran su kwafa daga baya. Littafin tsoffin tambayoyi ɗaya ne a ajin gaba ɗaya. Ni na warware ɗinkinsa na raba shi kashi bakwai, ina zagawa da keke duk bayan kwana uku ina musanyawa. Shi ya sa nake jin gidan nan naku namu ne, shi ya sa kuma dariyar ta shige ni haka. Da wani gida ne daban, da na kashe rediyon na kwanta.

Ranar 4 ga Agusta aka buɗe wa 'yan ajin ƙarshe, ranar 17 aka fara jarabawa. Kwana 13 ke nan, bayan sama da wata huɗu a gida. Malamanmu suka riƙa zuwa tun sassafe ba su tashi sai yamma liƙis, babu wanda ya ƙara musu komai. Muka zauna da takunkumi a fuska, bencina nesa da juna, ga bokiti da sabulu a bakin ƙofa. Mutum uku da aka riga aka yi wa rijista ba su dawo ba. An manna lambobinsu a kan benci, benci babu kowa, haka muka yi ta kallonsu har takardar ƙarshe. Kuma a tuna, takardar da aka miƙa wa ɗan birni mai ɗakin gwaje-gwaje ita aka miƙa mana. Ma'aunin ɗaya ne, daga A1 zuwa F9, kuma kiredit biyar ɗin da jami'a ke nema, har da Turanci da lissafi, ba a rage mana ko ɗaya ba don mun fito daga ƙaramin gari.

Biki kuwa ba a yi mana ba, domin an hana taro. Ranar da muka gama, shugaban makaranta ya tara mu a gindin bishiyar nan, ya karɓi rijista daga hannuna, ya ce yau shi zai kira suna. Ya fara daga na farko, bai tsallake kowa ba, har waɗanda suka bari tun aji biyu, har ɗaya da Allah ya yi wa rasuwa muna aji huɗu. Duk sunan da mai shi ba ya nan, sai ajin gaba ɗaya ya amsa masa. Ba mu shirya haka ba, bakinmu ne kawai ya yi. Daga nan kowa ya ɗauki alli ya rubuta sunansa a allo, wani malami ya ɗauke mu hoto ɗaya da wayarsa. Rabin fuskokin a rufe suke, amma ko a duhu ka nuna min zan gaya maka wane ne wane.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙonku bai taɓa zama a irin bencinmu ba, ban ga laifinsa sosai ba. Laifin na gidanku ne, da ya tara mutum huɗu iri ɗaya ya ce wai ana tattauna rayuwar sakandare. Na buga waya sau tara a daren nan, layi a cike, waɗanda aka ɗauka kuma duk gaisuwa suka yi ga abokai. Ina roƙon ku sake shirin. Ku tura wakili ya bar kwalta ya shiga ƙananan garuruwa, ya zauna da ajin ƙarshe ko na yini ɗaya, ya kuma nemi tsoffin malaman nan tun suna raye. Mai gabatarwa kuma ya fito ya nemi afuwa da bakinsa a cikin shirin.

Tunda na riga na ɗauki alƙalami, don Allah a yi magana da mai kula da sauti a shirin lafiya na safiyar Talata. Kiɗan da ake sawa a ƙarƙashin muryar likita ya yi ƙarfi. Mahaifiyata tana fama da hawan jini, ba ta wuce shirin, amma sai ta kanga rediyo a kunne, duk da haka sai na maimaita mata abin da aka faɗa. Makonni uku ke nan ana haka.

Na gode, a huta lafiya.

Naku mai sauraro,
Tsohon monitan aji shida, 2020