Wasiƙa daga Ingila: Nas ma tana bincike

Ƙawata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. A gaida mini Inna, Allah ya ƙara mata sauƙi.

Kin ce me ya kai nas ga bincike, ba aikin likitoci ba ne? Na yi dariya, don nan ma akwai masu wannan tunanin. Amma ki duba: mai kansar huhu 'yan mintuna likita ke ganinsa. Mu nas-nas muke jin hakinsa, mu matarsa ke bugo wa waya idan numfashi ya sarƙe. Wa zai fi mu sanin abin da ya kamata a bincika?

Kuma ba yau aka fara ba. A 1999 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga aikin su Farfesa Jessica Corner, ita ma nas ce. Cikin marasa lafiya 119, nas-nas suka koya wa wasu dabarun sarrafa numfashi da kwantar da hankali, sai ga shi sun fi sauran samun sauƙi. A 2002 suka sake wani da mutum 203, inda nas ke bibiyar mara lafiya bayan an gama masa magani. Abin da ya fi taɓa ni a ciki shi ne, waɗanda nas ta bibiya sun fi samun damar cikawa a gida, gaban iyalinsu.

Matsalar dai lokaci ce. Hukumar binciken lafiya ta nan, NIHR, wadda aka kafa a 2006, tana ba da tallafin koyon bincike, ƙungiyarmu ta nas-nas masu jinyar kansar huhu, Lung Cancer Nursing UK, ma tana ƙarfafa mu. To amma in an cire ki daga ɗakin jinya, wa zai riƙe majinyatanki? Ga shi a 2023 gwamnati ta sanar da shirin ɗaukar hoton huhun masu shan taba da waɗanda suka daina, 'yan shekara 55 zuwa 74, aiki sai ƙaruwa yake. Ni a ganina, tallafin da bai biya wadda za ta maye gurbinki ba, wahala kawai ya ƙara miki. Da yawa cikinmu sai an kwantar da yara muke buɗe kwamfuta.

Yanzu ga roƙona. Kin sha ba ni labarin waɗanda ake ta ɗura wa maganin tarin fuka wata da watanni, daga baya a gano kansa ce, ta riga ta ci jiki. Ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku, ki buɗe rajista: yaushe tari ya fara, ina aka fara zuwa, wata nawa aka sha magani, da itace ake girki ko gawayi. Ki jawo wata ƙaramar nas ku yi tare, don ta koya. Lissafin kuma ki bar mini, zan nemo mana wanda ya iya.

Ki turo mini amsa ta WhatsApp kafin azumi.

Taki har kullum,
Ƙawarki