Saƙo ga 'yan uwa mazauna ƙetare: eriyar da ke ɓoye cikin katinku

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyaye, yayye da ƙanne mazauna ƙetare, kwamitin ilimi na ƙungiya yana gaishe ku, da fatan kowa yana lafiya tare da iyali.

Saƙon wannan karo na ɗalibanmu ne masu neman fannin da za su yi bincike a kansa, amma muna so iyaye ma su karanta. Kusan kowannenku yana ɗora kati a kan na'ura ya shiga jirgin ƙasa ko ya biya kuɗin kaya, ba tare da ya zura shi a ko'ina ba. Cikin waɗanda suka sha wahalar samar da wannan sauƙi akwai Franz Amtmann, injiniyan lantarki ɗan ƙasar Ostiriya.

Amtmann ya yi aiki a kamfanin Mikron da ke Gratkorn, kusa da birnin Graz, inda aka fito da fasahar MIFARE, ta katin da ake ɗorawa ba a zurawa, a 1994. Philips ya sayi kamfanin a 1995, sashen Philips da ke wannan aiki kuma ya zama kamfanin NXP a 2006. Da wannan fasaha aka yi katin Oyster na shiga jirgin ƙasa da bas, wanda mutanenmu na Landan suke amfani da shi tun 2003. A 2015 hukumar rajistar ƙirƙire-ƙirƙire ta Turai ta karrama shi tare da Bafaranshe Philippe Maugars saboda aikinsu a kan NFC, wato abin da yake ba wayar hannu damar biyan kuɗi kamar kati.

Abin da muke so ɗalibai su lura da shi shi ne eriyar. Katin nan ba shi da batir. A cikin robarsa an binne waya siririya, an kewaya gefen katin da ita 'yan zagaye, ita ce eriyar. Na'urar da ke karanta katin tana fitar da ƙarfin maganaɗisu mai kaɗawa sau miliyan 13.56 a daƙiƙa ɗaya, kuma da zarar katin ya matso, wayar sai ta tsinci lantarkin da zai tayar da ƙwaƙwalwar katin. Ƙa'idar tsohuwa ce, tun 1831 Michael Faraday ya gano ta. Gwanintar tana wajen amsawa: katin ba shi da ƙarfin aika saƙo da kansa, don haka sai ya riƙa ƙara ko rage wutar da yake ja, na'urar kuma ta karanta amsar daga wannan sauyin. Duk wannan yana faruwa ne cikin tazarar da ba ta wuce santimita 10 ba, kuma gajartar tana da amfani, domin kada na'ura ta karanta katin wanda yake wucewa kawai.

Har yanzu da sauran aiki. Ƙarfe yana raunana eriya, wayar hannu da agogon hannu kuwa cike suke da ƙarfe, ga ƙarancin wuri. A ganinmu wanda ya iya lissafi da kimiyyar lantarki bai kamata ya raina wannan fanni don ba a yawan jin sunansa ba.

Ga sauran 'yan uwa kuma: kada a huda kati don rataya shi, kada a lanƙwasa shi, domin idan wayar ta tsinke ba zai ƙara aiki ta hanyar ɗorawa a kan na'ura ba. Kada kuma a ɗora walat mai kati biyu a ƙofar tasha, ana iya cirar kuɗi daga wanda ba shi kuke nufi ba.

Muna roƙon duk wanda yake aiki ko karantarwa a fannin lantarki da sadarwa ya sanar da kwamiti, mu haɗa shi da ɗalibin da zai riƙa ba shawara. Ɗalibai masu sha'awa su ma su aiko da sunayensu da matakin karatunsu. Allah ya ƙara zumunci.

Sakataren kwamitin ilimi