Masu Allurar Insulin, Lambar Suga Ita Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu ciwon suga da ke allurar insulin, da iyalan da ke kula da su, a kan wani abu da bai wuce littafin 'yan firamare da biro ba.

Ranar ganin likita, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ko a wani wurin, tambayar farko ita ce, "Baba, yaya sugan?" Amsar kuwa ba ta wuce, "Alhamdu lillahi, wani lokaci ya hau, wani lokaci ya sauka." Da wannan ba likitan da zai san ko ƙara allura zai yi ko ragewa. Awon da za a yi a wurin kuma na mutumin da ya baro Dukku ko Bajoga tun asuba ne, bai karya ba, bai yi allurarsa ba. Bai faɗi komai game da watannin da suka shuɗe ba.

A samu littafi, a ja layuka da rula daga sama zuwa ƙasa, a fitar da gurbi shida: kwanan wata, lokaci, awon suga, insulin, abinci, sai na ƙarshe na abin da ya faru a ranar. Ga yadda layi ɗaya zai kasance, kuma misali ne kawai, kada kowa ya ɗauki yawan allurar: "Talata, 6:30 na safe, kafin kari, 142. Insulin Mixtard yunit 18, cinyar dama. 7:00, koko kofi ɗaya ba suga, ƙosai 5." A rubuta nan take. Wanda ya bari sai bayan Isha'i, rabin abin da zai rubuta kintace ne.

A gurbin abinci ne aka fi yin sakaci. Rubuta "tuwo" bai wadatar ba. Na masara ne ko na shinkafa? Malmala ɗaya ko biyu? Masa 4 ba ɗaya take da masa 8 ba, haka shinkafa zalla da wadda aka haɗa da wake da ganyen zogale. Ba sai da sikeli ba. A tsayar da kwano ɗaya, kofi ɗaya, ludayi ɗaya, kullum da su ake aunawa. Sannan abin sha, wanda mutanenmu ba sa lissafa shi a abinci: shayin mai shayi da madarar gwangwani, zoɓo, kunun zaƙi, lemon kwalba, furar da aka dama da suga. Haka raken da aka sha a majalisa, da mangwaro uku a ƙarƙashin bishiya, da goron biki na cincin da alkaki. Sau da yawa a nan amsar take idan aka ga 280 da la'asar.

Tsinken awo, wanda ake ɗiga wa jini a sa a na'ura, da tsada, kowa ya sani. Mai nau'i na ɗaya na ciwon, musamman yaro, yana bukatar awo sau da dama a rana, wannan ba makawa. Amma wanda ƙarfinsa tsinke ɗaya ne a rana, kada ya ƙarar da shi a safiya kullum. Yau kafin kari, gobe kafin abincin rana, jibi awa 2 bayan abincin dare, gata kafin barci. Cikin mako biyu likita ya ga yinin gaba ɗaya. Ga yawancin manya ana son awon kafin abinci ya tsaya tsakanin 80 da 130, awa 2 bayan abinci kuma kada ya haura 180, sai dai likita kan sassauta wa tsofaffi, ya tsaurara wa masu juna biyu. A lura da na'urar ma. Wata tana nuna 126, wata 7.0, kuma duk abu ɗaya ne: ta farko mg/dL, ta biyu mmol/L, ana raba ta farko da 18 a samu ta biyu. Lambobin suga da ke cikin wannan wasiƙa na mg/dL ne. A rubuta wadda ake amfani da ita a bangon littafin.

Lamba ɗaya ba a yanke hukunci da ita. Abin dubawa shi ne wanda ya maimaitu kwana 3 ko 4 a lokaci guda. Ɗauki sugan da kullum yake sama da asuba. Yana iya zama allurar dare ce ta gaza, ko tuwon dare ya yi yawa kuma an ci shi a makare. Amma idan mutum yana farkawa da gumi ya jiƙa rigarsa, ko ciwon kai, sai a sa ƙararrawar waya a auna da ƙarfe 2 ko 3 na dare, sau biyu ko uku. In aka tarar yana faɗuwa cikin dare, ƙara allurar dare don gyara lambar safe haɗari ne babba. Haka gaurayayyen insulin mai fari-fari kamar madara da ake yi da safe: yana kan ganiyar aikinsa wajen azahar. Manomin da ya yi shi ya tafi gona, abinci bai iso ba sai ƙarfe 3, shi ne za a ga hannunsa na karkarwa, zufa na keto masa, maganarsa na sarƙewa.

Ƙasa da 70 faɗuwa ce. A ba shi suga ƙaramin cokali 3 zuwa 4 a ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a jira minti 15 a sake aunawa, in bai tashi ba a maimaita, sannan ya ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a nufa. Kowace faɗuwa ta shiga littafi da lokacinta da abin da ya gabace ta, a kewaye ta da jan biro.

Idan lambobi suka tashi alhali abinci bai canza ba, gurbin ƙarshe ne ke tona dalili. A rubuta ranar da aka buɗe kwalbar insulin, domin yawancinsu ba sa wuce kwana 28 bayan buɗewa, kuma zafin da ya haura digiri 30 yana kashe ƙarfinsu. Zafinmu na Maris da Afrilu kuwa har 40 yake kaiwa. Inda ba firji ko ba wuta, a sa kwalbar a roba mai murfi, a ajiye cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Kada a bari ta daskare, wannan ma lalacewa ce. A rubuta inda aka yi allura, saboda wanda ya nace wa wuri ɗaya, fatar kan yi kumburi mai tauri, insulin ya riƙa shiga yadda ya ga dama. A rubuta ranar da aka canza sirinji ko kemis: insulin mai U-100, wato mai yunit 100 a kowace mililita, da sirinjin U-100 yake tafiya. In aka zuƙe shi da sirinjin U-40 zuwa lamba 20, yunit 50 aka yi, ba 20 ba. A rubuta zazzaɓin cizon sauro, gyambo ko ciwon haƙori, duk suna ɗaga suga, kuma rashin lafiya ba dalilin daina allura ba ne. Mai amai, da numfashi sama-sama, na'ura na nuna HI, wato suga ya haura abin da take iya aunawa, kada a kwana da shi a gida. Ko yatsan da ya taɓa dabino ba a wanke ba yakan ba da lambar ƙarya.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a faɗa ƙarara, wato cike shafi da lambobi masu kyau a kan bencin jiran likita, don gudun faɗa. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3, zai tona wannan. Mafi muni shi ne wanda ya tsallake allura saboda ta ƙare, amma ya rubuta ya yi. Likita zai ga kamar maganin ne ya gaza, ya ƙara, ranar da aka yi cikakkiyar allurar kuma sai a kwashi mutum. In ba a yi ba, a rubuta "ban yi ba, ta ƙare." Talauci ba abin kunya ba ne a ɗakin likita.

Mai niyyar azumi ya kai littafinsa tun cikin Rajab ko farkon Sha'aban, a duba ko zai iya, a gyara masa lokutan allura. Awon suga ba ya karya azumi, kuma in ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, sha ruwa ya kama shi. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, ko jika ya riƙe masa biron.

Ku kuma 'yan uwa likitoci da nas-nas, komai tsawon layi, ku buɗe littafin a gaban mai shi, ku nuna masa layi ɗaya da yatsa, ku rubuta sabon adadin allura da kwanan wata a ciki da hannunku.

Wassalam.

Daga wani ma'aikacin lafiya,
Tudun Wada, Gombe.