Zuwa ga abokan cinikinmu masu rufin alminiyam mai falle-falle

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne a kan abin da ya faru a gidan ɗaya daga cikinku, da canjin da ya jawo a yadda muke ɗora farantan sola.

Maigidan ya kira mu ya ce silin ɗin ɗakin yaransa ya yi tabo, faɗinsa bai fi tafin hannu ba. Shekara biyu ke nan da muka ɗora masa fanel takwas, wato farantan sola. Da muka hau muka ɗaga na biyu, sai ga gam ɗin silikon da muka zagaye ƙafa ɗaya da shi, cikin ƙafafun ƙarfen da ke riƙe fanel a kan rufi, ya ɓamɓare ta gefe kamar bakin tsohon takalmi, har farce na shiga. Muka leƙa cikin silin da tocila, raftar, wato katakon da ke ɗauke da rufin, ta yi baƙi. Ruwan ma ba a inda ya shiga ya ɗiga ba, sai da ya bi katakon kusan mita biyu kafin ya sauka. Laifinmu ne. Mun gyara, mun canja masa silin, ba mu karɓi komai ba.

Irin wannan rufi ba kamar dogon kwano ba ne. Ƙananan falle ne da aka harɗe da juna ta gefe huɗu, na sama ya rufe kan na ƙasa kamar ɓawon kifi, kusoshin kuma suna ɓoye a ƙarƙashi. Wannan jerin shi ke kore ruwa, babu gam a ciki. Mu kuma muka zo muka huda tsakiyar falle, muka ɗaura noti, muka ce silikon ya riƙe mana ruwan shekara 25, wato tsawon garantin da yawancin masu ƙera fanel ke bayarwa. Ai kuwa ba zai iya ba.

Abin da ya karya shi motsi ne. Alminiyam na miƙewa idan ya ji zafi, ya tsuke idan ya huce, kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke yi. Relin da fanel ke zama a kai, idan tsawonsa mita 6 ne, kuma zafinsa ya sauya da digiri 50 tsakanin tsakar rana da asuba, zai ƙaru ya ragu da kusan milimita 7. A ido ba komai ba ne. Amma kullum ne, safe da yamma, falle na ja nan, reli na ja can, notin kuma yana kafe cikin katako bai motsa ba. Silikon da ke tsakaninsu shi ke shan wahalar, ga rana na ƙara busar da shi. Mu a nan sauri ne ya cuce mu.

Yanzu kafin mu taɓa dirila, sai mun gano inda kowace rafta take, daga cikin silin idan da hanyar shiga, mu sa alama. Ƙafar da aka ɗaure a allon rufi kawai, ba ta kama rafta ba, iska mai ƙarfi na iya girgiza ta har ramin ya faɗaɗa. Mutane sun fi tunanin nauyin fanel, alhali kilo 20 zuwa 25 ne kowanne, rufi mai lafiya ba ya jin sa. Iskar da ke shiga ƙarƙashi tana neman ɗaga shi ita ce abar tsoro. Muna fara huda ƙaramin rami don kada katakon ya tsage, sannan sukuru mai kaurin milimita 8 ya shige rafta kamar santimita 6.

Wasu masu ƙera irin wannan rufi suna da ƙafa tasu, wadda ake ɗaurewa a ƙarƙashin falle, harshenta ya fito ta tsakanin layi biyu, ba a huda komai a fili ba. Idan ana samun ta ga rufinku, ita za mu sa, ko da za a jira. Idan babu, ƙafar za ta zauna a kan gam ɗin butil, wanda ba ya bushewa ya tsage, kan sukurun kuma da washar roba ta EPDM. A kan duk wannan sai mu tura wani falle na alminiyam ƙarƙashin layin da ke sama, ya lulluɓe ramin, ruwan da ya gangaro ya bi bayansa ya wuce. Ko da gam ɗin ya gaji wata rana, ruwa ba zai ga ramin ba. Haka ma inda waya ke shiga ɗaki, nan ne ramin da ya fi kowane girma, kuma nan aka fi yin ganganci.

Akwai wata ɓarnar da ba ta nuna kanta da wuri. Jan ƙarfe da alminiyam ba sa ga maciji: idan suka haɗu da danshi a tsakani, alminiyam ne ke cinyewa, ya yi farin gari har ya huje. Don haka wayar at, wato wayar jan ƙarfe da ke kai wuta ƙasa, ba za ta kwanta tsirara a kan rufi ba, kuma duk noti da sukuru sitenles ne, wato ƙarfe marar tsatsa. Silikon mai warin tsami ma mun daina shigowa da shi, yana cin ƙarfe. Idan kun ga yaranmu suna share rufi bayan huda, ba ɓata lokaci ba ne, garin ƙarfen da ya zuba ne suke kwashewa kafin ya ɓata fenti.

Tafiya a kai ma sai da lura. Fallen na lotsawa, kuma idan harɗin ya buɗe, yoyo ya samu ƙofa ko babu rami. Mutum biyu kawai ke hawa yanzu, da takalmi mai taushi, a kan allo mai soso.

Aikin da muke gamawa a yini ɗaya zai koma yini biyu, wani lokaci uku. Mun san wasu za su ce an yi musu alkawarin gamawa kafin la'asar a wani wuri. Gaskiya ne, ana iya yi, mu ma mun yi. Kafin mu sauka kuma za mu ɗauki tiyo mu zuba ruwa, daga layin ƙasa zuwa sama, wani na cikin silin da tocila yana kallon kowace ƙafa. Muna so maigida ko wakilinsa ya tsaya ya gani da idonsa.

Masu shirin sabon rufi, don Allah ku kira mu tun kafinta bai fara jera falle ba. A lokacin ake sa ƙafafun cikin sauƙi, ba sai an kwance komai ba. Ku kuma duba takardar garantin rufinku, domin wasu kamfanonin na janye garanti idan aka huda ba yadda suka tsara ba.

Duk wanda muka yi wa aiki da tsohuwar hanya a kan irin wannan rufi, za mu zo mu duba, mu canja ƙafafun kyauta, ko ya ga tabo ko bai gani ba. Mun fara bin gidajen ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ga tabo a silin, ko fenti na kumbura, ko ya ji warin danshi bayan ruwa, kada ya jira layi, ya kira lambar da ke kan rasit ɗinsa mu fara da shi. Kada kuma a hau a ƙara silikon kafin mu iso, yana ɓoye mana inda ruwan ke shiga.

Mun gode da haƙurinku.

Naku,
Shugaban kamfani, a madadin dukan ma'aikata